Wayar da Kawu Ya Ce a Yanke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun yi ta faɗar ta ranar da aka fita da Kawu har bakinmu ya bushe, amma ni ban ji nauyinta ba sai da na zauna a tsakar gidansa da ke Talata Mafara ina karɓar masu gaisuwa. Yayan mahaifiyata ne. Mu Kawu muke ce masa, gari kuma Mai-jirgi ya san shi, saboda ɗan ƙaramin jirgin ƙasan da yake tuƙawa a kan tebur a ɗakin da ke kusa da zaurensa.

Kun san gaisuwar mutanenmu ba ta da gajarta. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna, matar Kawu, ta yi ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah shi jiƙan shi, Allah shi sa can ta fi nan. Sai ta matso, ta rage murya, ta ce, "To, jirgin hwa?" Ta farko na kawar da kai. Ta biyu na harare ta. Da abin ya yi yawa na ce, "Haba jama'a! Mutum ya mutu ɗungurungum, ku kayan wasa kuka tambaya?" Wata tsohuwa da ta taso daga Ruwan Gizo ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ni tun da anka haife ni ban taɓa ganin jirgi ba sai nashi. In na yi kukan shi ban yi kukan jirgin ba, rabi na yi."

A waje ma haka maza suka ba da labari. Wani dattijo da suka yi aikin reluwe tare ya zo daga Kaura Namoda, bai yi hawaye a maƙabarta ba, amma da ya iso ƙofar ɗakin jirgin ya tarar da ita a kulle, sai ya dafa ƙyauren ya yi ta kuka har aka zo aka janye shi.

Mace ɗaya ce ba ta tambayi jirgi ba. 'Yar wajen Janbako ce, da rashin zaman lafiya ya koro su cikin gari. Ta gama gaisuwa, ta riƙe hannun Inna, ta ce, "Za a yanke?" Inna ta dube ni. Ni da ita da duk wanda ya san gidan mun gane abin da take tambaya. Kawu ya bar wasiyya cewa idan ya mutu a yanke wayar fitilarsa, kuma kowa ya san in aka yanke wannan wayar, wutar teburin gaba ɗaya za ta ɗauke. A cikin fitilun da za su mutu akwai ta ɗan matar nan. Bari in koma baya yadda wanda bai san Kawu ba zai fahimta.

Jirgi bai taɓa zuwa Mafara ba. Dogo ya zo Gusau, ya wuce zuwa Kaura Namoda, ya tsaya can kamar an ce masa kul. Kawu ya yi ƙuruciyarsa a kan wannan layi yana gyaran sigina da wayoyi, har jiragen suka yi ta raguwa, shi ma ya ajiye aiki ya dawo gida. Wani zuwa Kano ya tsinci kan jirgin wasa da taragu da guntayen dogo a wajen masu gwanjo, matattu, ya kwaso su a buhu. Inna ta ce ranar ta ɗauka zaman banza ya fara taɓa shi.

Abin da ya fito daga buhun nan, wallahi sai wanda ya gani. Ya haɗa katakai suka cike ɗakin, ya bar 'yar hanya ta gefe. Ya gina Mafara da rumfunan kasuwarta na kara. Ya gina Bakura, garin da nake koyarwa, har da karar shanu. Ya gina Maradun, ya yi madatsar ruwa, ruwa na gaske yana zubowa ta 'yar magudana zuwa gonakin shinkafa, da famfon wanke gilashin mota yake tura shi. Sannan ya shimfiɗa dogo ya ratsa garuruwan uku. Yakan ce, "Su sun gaji sun tsaya Kaura. Ni na ida mai hanya."

Ranar da ya fara kunna mini shi ina uwar 'ya'ya, ba yarinya ba. Ya saki labulen taga, ya taɓa makunni, sai fitilu suka kama gida-gida, daga Mafara har Maradun. Sigina ya juya daga ja zuwa kore. Sandar mahaɗar hanya ta sauka da kanta. Injin niƙa mai girman akwatin ashana ya fara juyawa a bakin kasuwa. Sai ga jirgin ya fito daga bayan dutse da fitilarsa a goshi, ya bi ta gefen ruwa, ya rage gudu, ya tsaya cak a tashar Bakura. Na ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah! Kawu, da hannunka?" Ya ce, "Da hannuna, da rediyon innarki."

Gaskiya ya faɗa. Ɗan injin da ke ɗaga sandar hanya daga rediyon kasat ɗin Inna ya ciro shi. Murfin kwanon shanta ya zama tankin ruwan tasha. Ba rigarsa ɗaya da ɗigon dalma bai huda ba, har ta zuwa masallacin Juma'a. Batir kuwa da harshe yake gwada shi, ya ɗan yamutse fuska ya ce wannan da sauran rai. Inna takan ce in ka nemi abu a gidan ka rasa, kada ka zargi ɓarawo, ka leƙa Maradun.

Shi kuma Kawu, abin da ke saman teburin bai dame shi ba kamar abin da ke ƙasa. Ba ya barin kowa ya shiga ƙarƙashi, amma yakan ɗaga zanen da ya rufe gefe ya haska mana. Manyan wayoyi biyu sun miƙe daga wannan bango zuwa wancan, su yake kira uwaye. Daga jikinsu ƙanana suka yi ta fita suna hawa sama, kowace da inda za ta. Layin jirgi daban, layin fitilu da injuna daban, duk daga batirin mota da sola ke cikawa a kan rufi. Na tambaye shi dalilin rabawar, ya ce da farko ya haɗa su, sai ya ga duk lokacin da jirgi ya tashi fitilu na dushewa. "Ba a zuba ma sa da kaji abinci kwano guda," in ji shi. Yakan kwana biyu yana neman inda waya ɗaya ta saki, yana rigingine a kan tabarma, ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Abu ɗaya baƙo ke lura da shi daga baya: babu mutum ko ɗaya a garuruwan nan, babu saniya, babu ko kaza. A dā akwai su. Kawu ya sassaƙa mutane da dabbobi da itace, ya cika kasuwa da su. Sai yayansa, Kawu Malam, mai makarantar zaure a unguwarsu, ya shigo ya gani. Ya ce, "Gida ka gina, na yi shiru. Jirgi ka tuƙa, na yi shiru. Amma surar abu mai rai? Ranar da anka ce ka busa masu rai, da mi za ka busa?" Kawu ya ce abin wasan yara ne. Malam ya ce, "Kai yaron na?" Aka yi damina guda 'yan'uwan nan ba sa haɗa ido, mahaifiyata na kai da kawo a tsakaninsu har ta rame.

Kawu ne ya sauko. Ya tattara mutanensa a ƙwarya ya kai wa Inna ta hura wuta da su. Amma garin da babu kowa ya hana shi sukuni, ya ce in ya kunna sai ya ji kamar annoba ta wuce. Can dabara ta zo masa. Ya ce tun da ba a yarda ya yi surar mutum ba, zai yi alamar cewa mutum yana gida. Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya ba kowace fitila mai ita: wannan ta Inna, wannan ta mahaifiyata, wannan tawa a Bakura, waɗannan na 'ya'yansa da jikoki da abokan aikinsa na dā da maƙwabta. Kowace da tata wayar, don kada ta wani ta shafi ta wani. Da aka haifi jariri a dangi, kafin a yanka ragon suna Kawu ya riga ya huda katako. Malam ya zo ya duba, ya daɗe, ya ce wannan babu laifi. Har ya juya zai fita ya ce, "Ina tawa?" Kawu ya nuna masa wata kusa da masallaci, ya ce, "Ga ta. In ka sake yi min faɗa in rage mata wuta."

In kuma mai fitila ya rasu, bayan sadakar uku Kawu yakan shiga ɗakin da filaya, ya yi wa mamacin addu'a, ya yanke wayar, ya naɗe bakinta. Gidan yana nan, amma tagarsa ta yi duhu. Ina tsaye a bayansa ranar da ya yanke ta mahaifiyata. Na ce ya bar mini ita ko na shekara ɗaya ne. Ya ce, "Ɗiyata, ba ni yi ma gari ƙarya. Ta tashi." Ya yanke, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Na ji haushinsa a ranar, na kuma ji tausayinsa fiye da nawa.

Tasa fitilar ba irin ta kowa ba ce. Ƙwan fitilar mota ne babba, ya sa shi a cikin ɗan ɗakin sigina a bakin tashar Mafara, haskensa na fitowa ta 'yar taga. Wutar teburin gaba ɗaya sai ta bi ta cikinsa kafin ta rarrabu. In komai lafiya, hasken kaɗan ne. In wayoyi suka taɓa juna a wani wuri, sai shi ya ɗauki zafin ya haska fayau, sauran kaya su tsira daga ƙonewa. Mun ga shaida kuwa. Babban ɗansa, taubashina, wanda ke noman rani a Maradun, ya taɓa zare ƙwan don fitilar motar da ya aro ta mutu. Yana zarewa komai ya ɗauke, jirgi ya tsaya a tsakiyar gada. Har yau in ina son in ƙular da shi sai in ce masa mai kashe gari. Bayan wannan ne Kawu ya zagayo da jar wayar fitilar ta gefen tebur inda hannu zai kai, ya ce wa Inna a gabanmu, "Ran da nit tahi, ke za ki yanke wagga. Kada a bar ni kunne ina ƙarya." Muka yi dariya a lokacin.

Matar Janbako kuwa, ita da 'ya'yanta sun zauna a gidan Kawu lokacin da suka baro ƙauyensu, kafin su samu ɗakin haya. Bai tambaye su komai ba, ya dai ƙara musu fitilu a gefen Maradun, yankin da ƙauyensu yake. Daga baya babban ɗanta ya koma duba gona, aka tare su a hanya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekaru suka shuɗe. Dangi suka ce ta haƙura a yi masa sadaka. Kawu ya ce shi dai ba wanda ya kawo masa labarin gawa, saboda haka ba zai yanke ba. Malam ya gargaɗe shi kada matar ta ɗauka fitila ke riƙe rai. Kawu ya ce, "Ta san Allah ka riƙe rai. Wuri ɗai taka so inda ba a cire ɗanta cikin masu rai ba." Duk ranar Talata in ta ci kasuwa sai ta biyo, ya kunna mata, ta tsaya ta kalla, ta yi godiya ta tafi. Ba ta taɓa cewa a tayar mata da jirgi ba.

To, kun ga abin da Kawu ya bar wa Inna. Rasuwar tasa ma ba ta ba mu shiri ba, kwana kaɗan ya kwanta. Ta shiga takaba da mabuɗin ɗakin a ƙulle a bakin zanenta. Malam ya ce wasiyya ce, babu saɓo a cikinta, a cika ta. Taubashina ya ce a bari ya kawo mai gyaran sola ya shiga ƙarƙashi ya canza hanyar wutar tukuna. Inna ta ce, "Shi da ranshi bai bar ɗan cikinshi ya shiga ba, sai ni in sa baƙo?" Na ce to ni in shiga. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke mi kin sani? Kuma ta ina za ki wuce?" Ina da jiki, ban musa ba.

Haka watannin suka tafi. Duk Talata matar Janbako na zuwa, Inna na buɗe mata ta kunna, kamar yadda Kawu ke yi. Duk zuwan da na yi daga Bakura sai in tarar Inna ta ƙara zabgewa. Wata rana ta ce mini, "In na yanke, na kashe aikin rayuwarshi da hannuna, na kashe ma baiwar Allah ɗanta. In ban yanke ba, kullum na kunna sai in ga tagarshi da haske, shi ko yana kushewa. Ya ce kada a bar shi yana ƙarya." Ina son teburin nan ya rayu kamar yadda nake son numfashina, amma na ga abin da jinkirin yake yi mata.

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka ta sa sabon zane, ta aika a kira Malam da taubashina, ta kuma aika wa matar Janbako. Ta ce ba za ta yi a bayan idonta ba. Bayan la'asar muka taru a ɗakin. Inna ta ce wa matar, "Ki yahe mani." Matar ta ce, "Inna, amanar mijinki ta. Abin da ya yi mani ya isa." Amma idonta na kan fitilar ɗanta, ba ta ko ƙiftawa.

Taubashina ya kunna komai, ya tayar da jirgin don ya yi zagayen ƙarshe. Ruwa na zuba, injin niƙa na juyawa. Malam ya yi addu'a doguwa. Inna ta ɗauki filayar da hannu biyu, ta ce bismillahi, ta rufe ido, ta matse.

Tagar ɗakin sigina ta yi duhu. Jirgin ya ci gaba da tafiya.

Ba wanda ya motsa. Fitilun Mafara na nan, na Bakura na nan, na Maradun na nan. Matar Janbako ta sulale ta zauna a ƙasa tana Allahu akbar. Malam ya ce la haula wa la ƙuwwata, ya ja da baya har ya bugi bango. Ni kam ban nemi iznin kowa ba, na yaye zanen gefe na kutsa ƙarƙashin teburin da fitilar wayata, jikin da aka ce ba zai wuce ba ya wuce.

Ban san aikin wuta ba, amma makaho ma ya laluba ya gane. An cire jar wayar daga kan babbar hanya. A inda take dā, an sa fiyus irin na mota, mai tsinkewa in wuta ta yi yawa, wuta na bi ta cikinsa kai tsaye zuwa uwayen. Ita kuma jar wayar an mayar da ita reshe kamar na kowa, tana kai wa wani ɗan mitsitsin ƙwai da aka sa a ɗakin sigina a madadin babban. Dalmar wajen sabuwa ce fil, tana ƙyalli, amma a dunƙule take, ta ɗiga nan da can. Duk teburin babu aiki mai muni irin wannan. Aikin hannun da ya riga ya fara rawa ne. Na fito na gaya musu abin da na gani.

Inna ta tsaya da filayar a hannu. Ta ce, "Watan da zai kwanta, kullum yana ƙarƙashin nan. In kai mai abinci shi bari shi huce. Na tambaye shi, ya ce gara ta ka cin katako." Ta juya ta fuskanci tagar da ta yi duhu, ta yi magana da shi kamar yana zaune a wajen.

"Ashe ka sani, Maigida. Ka san za ka tahi. Ka shiga ka yi ma gari shiri, ka yi ma ɗan mutane shiri, ni ko da niz zauna da kai tun ina yarinya ba ka ce mani komi ba."

Malam ya ce, "Ki yahe mai. Bai so ki da fargaba ba."

Ta ajiye filayar a kan tebur, ta share fuska da bakin mayafi.

"Allah shi gafarta mai, shi haskaka kabarinshi, shi sada shi da Annabi," in ji ta. "Allah shi yahe mai yanzun nan. Ni kam a ba ni kwana biyu."